Ƙafar Adda Keturah

Ranar da Keturah ta sauka a tashar Jimeta daga Fatakwal, babu wanda ya zo tarbarta. A da, duk ƙarshen shekara in za ta zo hutu, ƙanenta Apollos kan riga motar isowa tasha, matarsa Zipporah na gefensa ta kafa ɗauri, 'yarsu Debbie na rige-rigen ɗaukar jaka. Wannan karon mai Keke Napep ne ya ɗora mata akwatunanta biyu, ya tambaye ta ina za su, ta ce unguwar Luggere.

Ba hutu ta zo ba. Farashin ɗanyen mai ya karye a kasuwar duniya, masu saye sun ja baya, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. Sansanin ma'aikatan man da take wa girki ya koma kango, inda babu masu ci kuwa babu aikin kuku. Wata safiya aka tara su, aka yi musu godiya, aka ce kowa ya kama gabansa. Ta fi shekara ashirin a gaban tukwanen wannan sansani, kuma duk abin da ta samu Luggere ya zo. Mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ba su haihu ba, sai ta mai da gidan ƙanenta nata. Da guminta aka sayi filin, da guminta aka ɗora bulo, aka yi rufi, aka ja ruwa. Karatun Debbie tun daga firamare har jami'a, ita ce. Kowa a layin ya san haka, domin Apollos da bakinsa yake faɗa a lokacin, yana buga ƙirji: "Addata, babbar yayata, tana kamfanin mai."

A baranda ta same shi, da singileti, rediyo a kan cinya.

"A'a, Adda! Ke ce? Ai da kin kira."

"Na kira, Apollos. Ba ka ɗauka ba."

"Wayar ce, ta fara ba ni matsala." Bai tashi ba. Idonsa na kan akwatunan. "Su ke nan kayan, ko sauran na tasha?"

"Su ke nan."

Zipporah ta leƙo daga falo ta ce, "Sannu da hanya, Adda," da irin muryar da ake gai da mai yankan wuta. Da yamma ta shigo ɗaki wai taya Adda kwance kaya. Ta zazzage akwatin farko, ta zazzage na biyu. Tsofaffin zannuwa, fararen rigunan aiki, wuƙaƙen girki a naɗe cikin tawul, sai kwalin maganin ciwon suga da asibitin kamfani ya ba ta na ƙarshe. Zipporah ta ɗaga kwalin ta girgiza, ta ajiye, ta tuna ta bar abu a wuta.

Apollos ma'aikacin gwamnati ne, a wata ma'aikata da har yau ba a san takamaiman abin da yake yi a cikinta ba. Amma tun da mai ya faɗi sai ya samu sana'a ta biyu, wato bayani. In ya zauna a baranda ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse da shi ake shawara kafin a tsai da farashi.

"Gangar mai ta faɗi," haka yake farawa. "Sin ta rage saye. Amurka ta haƙo nata. Larabawa sun ƙi rage haƙa. Kason da Abuja ke turo wa jihohi ya tsuke. To ina gwamnati za ta samu na albashi?"

Maƙwabci in ya zo aron tsani, sai ya sha labarin ganga kafin a ce masa tsanin ya karye. Gaskiya ne albashin yana jinkiri, wani lokacin har wata ya shiga wata. Amma yana zuwa. Nama dai bai yanke a tukunyar gidan ba, janareta bai daina kuka ba.

A wannan lokacin garin ya cika ya batse. Mutanen Mubi da Michika da Madagali da rikici ya koro suna ko'ina, a makarantu, a majami'u, a masallatai, a gidajen dangi. Bayansu ƙungiyoyin agaji suka biyo da fararen motocinsu. Ɗakunan haya na unguwar Karewa suka ƙare, masu nema suka gangaro har Luggere. Keturah ba ta daɗe da dawowa ba Apollos ya same ta tana tsince shinkafa, Zipporah na biye da shi.

"Adda, akwai maganar da nake so mu yi, ta ci gaban gida."

"Ina jin ka."

"Wani bawan Allah ne, Zadok, ma'aikacin ƙungiyar agaji. Yana neman ɗaki mai banɗaki a ciki. Na duba gidan nan kaf..."

"Ɗakina ke nan."

"Na ɗan lokaci ne, Adda. Kafin ganga ta tashi."

"Ni kuma fa?"

Zipporah ta yi caraf ta ce, "An share sito tas. Ya ma fi sanyi, Adda, rana ba ta shiga."

Rana ba ta shiga, gaskiya ne, domin siton ba shi da taga.

Keturah ta ajiye faifan. "Apollos, lokacin da ake ginin nan, ɗakin nan kaɗai na ce a bar mini. Ban nemi komai ba bayan shi."

"Wa ya ce ba naki ba ne? Naki ne har gobe. Shi ya sa ma na zo neman izininki."

Izinin da ya zo nema kuwa, Zadok ya riga ya biya, mabuɗi na aljihunsa tun jiya. Kafin rana ta faɗi an fitar da akwatunanta, an shimfiɗa mata katifa tsakanin buhunan masara da tsohuwar tayar mota. Gadonta da fankarta da labulenta aka bar wa baƙo, wai ba zai yi kyau ya shigo ɗaki wayam ba.

Kicin ma haka ya koma hannunta, cikin raha. "Ke ce gwana, Adda," in ji Zipporah. "Ni wace ce zan riƙe ludayi a gaban kukun Turawa?" Wata rana aka zuba wa Zadok dafa-duka da kifin Binuwai, ya ci ya suɗe hannu, ya kai labari ofishinsu. Kafin mako ya zagayo Zipporah ta fara karɓar odar abincin rana na ma'aikatan ofishin gaba ɗaya. Ta sayo kuloli, ta sa aka rubuta musu "Madam Zipporah" da jan fenti. Ita ke yin wanka ta sa turare ta kai abincin, ita ke karɓar yabo da abin da ke biyo bayan yabo. Keturah ke tashi tun da sassafe ta hura wuta a bayan gida, domin gas ya yi tsada, an koma itace. Can take tsaye har rana ta take, a zafin Yola da ko kare ba ya fita cikinsa.

Maganin sugan ya ƙare. Ta faɗa wa Apollos, ya ce ta rage cin shinkafa, shi ya ji a rediyo abinci ne maganin suga.

Wata hantsi tana juya miya, wani guntun itace mai ci ya gangaro daga murhu ya kwanta a kan ƙafarta ta hagu. Ba ta ji ba. Ciwon ya daɗe da kashe mata jin tafin ƙafa. Ƙaurin robar silifas ne ya sa ta duba ƙasa. Ta ture itacen, ta zuba ruwa, ta yage bakin tsohon zane ta ɗaure, ta koma kan miyarta, domin ƙarfe goma sha biyu Madam za ta fita da kuloli.

Ƙunar ba ta warke ba. Ta yi ruwa, ta fashe, ta buɗe baki. Gefenta ya fara baƙi. Keturah ta san abin da wannan ke nufi ga mai suga, ta ga irinsa a sansani. Ta jira Apollos ya ci ya ƙoshi, sannan ta jawo ƙafar zuwa baranda.

"Apollos, ina so ka kai ni asibiti."

Ya dubi ƙafar daga nesa, ya kau da kai. "Asibiti? Adda, kin san halin da ƙasa ke ciki kuwa? Magani duk daga waje ake shigo da shi, dala kuma ta tashi saboda ganga ta faɗi. Yanzu in muka je, gwaji kawai za su rubuta su tatse mu. Bari a yi albashi."

Aka yi albashi. Apollos ya sauya wa motarsa taya huɗu, ya ce mota jari ce. Ranar bikin godiyar kaka ya miƙe a majami'a, a matsayinsa na dattijo, ya yi alkawarin buhun shinkafa domin 'yan gudun hijira, aka yi masa tafi har da guɗa. Zipporah ta ɗinka sabon ankon zumuntar mata. Ita kuwa Adda, aka kawo mata wani shuɗin magani daga kemis a 'yar kwalba, da ƙullin auduga.

"Mai kemis ɗin nan ya fi likitoci da yawa," in ji Apollos. "Ki riƙa shafawa da bangaskiya."

Debbie ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, wato tana kwance a falo tana kallon fim. Wayarta ta faɗa ruwa, sai ta zo bakin sito ta tsaya, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Goggo, ara mini wayarki mana."

"In wani ya neme ni fa?"

Debbie ta yi dariya. "Wa zai neme ki yanzu, Goggo?"

Ta miƙa mata. Ba a sake dawo da ita ba.

Warin ya fara fita daga sito yana shiga tsakar gida. Zipporah ce ta kawo maganarsa, ba don ƙafar ba, don kasuwa.

"Adda, don Allah ki riƙa ɗaure ƙafar nan da leda in za ki yi girki. Mutanen nan 'yan boko ne, in suka ji wani abu sun daina saye. Kin san da cinikin nan muke ci, har da ke."

Keturah ta ɗaure da leda. Zafi da gumi suka taru a ciki suka dafa naman. Da tsayuwa ta gagara sai aka kawo mata kujera 'yar tsugune gaban murhu. Bayan nan kuma Zipporah ta ce masara na ɗaukar wari, gara a mai da katifar rumfar itace, kusa da wurin aiki, ta huta da jan ƙafa. Sauƙi aka nema mata, in ji su.

Wata Asabar Zadok ya zagayo bayan gida shanya kaya, ya hango ta kwance a rumfa, ƙudaje na bin ledar. Mutum ne da kullum yake sansanin 'yan gudun hijira yana raba barguna. Ya koma ya tambayi Zipporah, wace ce wannan tsohuwar?

"Wata 'yar uwa ce daga ƙauye," in ji Zipporah, ba ta ko rage murya ba. "Ba ta da kowa. Mu muke ɗan taimaka mata."

"Kai, Allah ya saka muku, Madam. Ba kowa zai iya ba."

"To ya za mu yi? Aikin Ubangiji ne."

Keturah na jin su. Ta juya fuska ta kalli katanga. Ta tuna ranar da aka yi wa katangar nan filasta, Apollos ya kira ta yana murna yana cewa, Adda, sai kin zo kin gani. Ga shi ta zo tana gani.

Bayan katangar gidan Sabuwa ne, mai waina, wadda 'yan layi ke kira Maman Usaid. Ita ce ta ji nishi wata yamma bayan an ɗauke ruwan sama, ta taka turmi ta leƙo. Rumfar na yoyo, katifar ta jiƙe, Keturah na rawar sanyi. Sabuwa ta zagayo ta shigo ba ta jira an amsa sallamarta ba. Ta kwance ledar. Ta yi salati ta ja da baya, sannan ta daure ta matso. Ta dafa ruwa da gishiri ta wanke abin da zai wanku.

"Adda Keturah, tashi mu tafi asibiti. Ni zan kai ki. Yanzun nan."

"A'a, Maman Usaid. Ki bari."

"In bari? Kin ga ƙafar nan kuwa?"

"In maƙwabciya ta ɗauke ni daga gidan nan, me za a ce da Apollos a gari? Dattijo ne a majami'a. Ni na goye shi lokacin da mamarmu ta rasu, ni na tauna na ba shi. Ba zan zama sanadin tonon asirinsa ba. Ya ce ƙarshen wata."

Sabuwa ta miƙe. Ta fita ta tari Apollos yana goge motarsa.

"Baban Debbie, ba ka jin tsoron Allah? Yayarka na ruɓewa a bayan gidanka!"

Ya miƙe ya gyara tsayuwa. "Maman Usaid, da girmanki. Wannan maganar gida ce. Ku da kuke soya waina ba ku san abin da ma'aikaci ke ciki ba. Kin san nawa ake sayar da gangar mai yau a kasuwar duniya?"

"Ban sani ba. Na dai san warin da ke shigo mini gida."

"To ki rufe tagarki."

Daga ranar Zipporah ta fara sa sakata a ƙofar gida, wai ɓarayi sun yi yawa. Sabuwa ta koma miƙo kunu ta kan katanga.

Haka aka ci gaba. Zazzaɓi ya zauna wa Keturah a jiki. Baƙin ya wuce idon sawu ya fara hawa. Ta rame har zoben aurenta da ba ta taɓa cirewa ba ya zame ya faɗi cikin toka. Girki ya gagare ta, Zipporah ta karɓa, masu oda suka fara ƙorafin abincin ya sauya, ɗaya bayan ɗaya suka janye. Wannan ma laifin Adda ne. Zipporah kan tsaya tsakar gida tana wanke kuloli tana yi da iska: wasu mutanen ciwo ya zame musu wurin ɓuya, a ci a kwanta.

Sai wata Talata wayar da ke hannun Debbie ta yi ƙara. Wata mata ce, Endurance, abokiyar aikin Keturah a sansani, tana magana da turancin buroka. Ta ce mai ya fara ɗagawa, kamfanin ya samu sabuwar kwangila, za a sake buɗe kicin. Manaja ya ce a nemo masa tsofaffin hannu, kuma Mama Keturah yake so ta zama shugabar kuku. Ina take?

Debbie ta ce tana wanka. Ta ruga baranda da gudu.

Abin da ya faru a gidan nan cikin yinin, da a fim aka nuna shi da an ce an yi ƙari. Apollos ya zagayo bayan gida da kansa, wurin da ya manta hanyarsa, ya durƙusa gaban rumfa yana riƙe numfashi.

"Adda! Addata! Haka jikin ya yi ba ki faɗa mini ba?"

Aka kinkimo ta zuwa falo, aka kwantar da ita a doguwar kujera, aka juyo mata fanka. Zipporah ta yanka kaza. Debbie ta zauna kusa da ita tana mata fifita ga fanka na juyawa, tana Goggo kaza, Goggo kaza. Sai da Keturah ta kurɓi romo sannan Apollos ya ba ta labarin, yana murmushi har kunne.

"Na faɗa miki ganga za ta tashi! Gobe da safe sai asibiti. A wanke ƙafar nan, a ba ki allurai, ki murmure ki kama hanya."

Keturah ta dubi kazar, ta dubi fuskokinsu. Wani abu ya so ya taso mata, zazzaɓi ya danne shi.

Washegari mota mai sababbin tayu ta kai ta asibiti. Likitar, wata mace mai gilashi, ta sa aka kwance tsumman. Ma'aikaciyar jinyar da ke kwancewa ta juya kai gefe. Likitar ta duba, ta danna, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta ja labule ta fito wurin Apollos da Zipporah. Labulen yadi ne kawai, Keturah na jin komai.

"Wa ke kula da matar nan?"

"Mu ne, likita," in ji Apollos.

"Ku ne? Ƙafar nan ba jiya ta fara ba."

"Ba ta faɗa mana ba. Adda akwai zurfin ciki. Mun yi mun yi da ita."

Likitar ta kafa masa ido, har ya fara gyara wuyan riga. Sannan ta ce ƙafar ta mutu. Dole a yanke ta daga ƙasan gwiwa, kuma ba da jimawa ba, in ba haka ba dafin zai gama shiga jini ya tafi da ita gaba ɗaya.

Zipporah ta ɗora hannu a ka. Keturah ta rufe ido tana jiran ta ji kukan ƙanenta. Sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Likita, tambaya ɗaya. In an yanke, za ta iya tsayuwa a kicin? Akwai aikin da ke jiranta a Fatakwal. Ko dai za a ɗan jinkirta, a ba ta allura mai ƙarfi, ta je ta kama aikin tukuna? In ya so daga baya kamfani ya yi mata a can."

"Malam," in ji likitar, "fita ka ba ni wuri."

Bayan labule, Keturah ta buɗe ido ta kafa su a silin. Ba ta yi kuka ba. Ta ji dai wani abu da ta goya a bayanta tun tana yarinya ya sauka, bayan ya yi sakayau, ya yi sanyi.

Aka yi aikin. Da ta farfaɗo, Sabuwa ce zaune a gefen gado da tasbaha a hannu. Ita ta riƙa juya ta, ita ke kai fo, ita ta rufe teburin wainarta ta tare a asibitin. Su Zipporah kuwa shiru. Apollos ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa a ofis.

"In an sallame ki, unguwar Mbamoi za mu," in ji Sabuwa wata safiya tana ba ta kunu. "Gidan tsohuwata akwai ɗaki, akwai inuwa. Kada ki ce mini a'a wannan karon."

"Ba zan ce ba," in ji Keturah.

Ranar Lahadi da yamma, lokacin ziyara, sai ga su Apollos su uku cikin kayan majami'a. Zipporah na riƙe da kula. Ta ajiye ta a kan akwatin gefen gado ta ce farfesun kayan ciki ne, tun safe take fama da shi. Apollos ya yi doguwar addu'a da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji. Idonsa bai sauka ko sau ɗaya ba inda bargo ya kwanta shafal a ƙasan gwiwar. Da aka ce amin, ya jawo kujera.

"Adda, abin da ya faru ya faru, nufin Ubangiji ne. Amma bai kamata gurbin nan ya fita daga gidanmu ba. Ga Debbie zaune ba aiki. In kika yi wa manajan magana, kika ce 'yarki ce, ke kika koya mata, zai ɗauke ta."

"Debbie ta iya girki?" Sabuwa ta tambaya daga inda take.

"Za ta koya a can," in ji Zipporah, ba ta dube ta ba.

Debbie ta riga ta danna lambar Endurance. Ta sa wayar a lasifika ta miƙa wa goggonta da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Endurance ta ɗauka da ihun murna. Keturah ta bar ta ta gama, sannan ta faɗa mata a hankali cewa ba za ta zo ba, an yanke mata ƙafa. Sai kuka ya ɓarke a can. Da Endurance ta natsu ta ce, Mama, manaja ba zai ƙi maganarki ba. Akwai wani naki a gida da za ki turo a madadinki? Ɗa, ko 'ya, ko wani ɗan uwa?

Apollos ya matso yana gyaɗa kai. Zipporah ta dafa kafaɗar Debbie ta turo ta gaba, kamar ana ganinta ta waya.

Keturah ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta ba Endurance amsa da turancin da suka saba, sannan ta maimaita da Hausa, don kada wani a ɗakin ya ce bai gane ba.

"Ba ni da kowa. Ki faɗa wa manaja ya ba wanda ya ga dama."

Ta kashe wayar ta tura ta ƙarƙashin matashinta.

Apollos ya miƙe kamar an tsikare shi. Shi aka yi wa laifi. Ya juya yana neman shaidu cikin majinyata da masu jinya: ku ji fa, bayan duk abin da muka yi mata! Mun ba ta wurin kwana, mun ciyar da ita cikin wannan matsin, da motata na kawo ta nan! Zipporah ta ce dama ta sani, baƙin ciki ne irin na wadda ba ta haihu ba. Debbie ta ce a ba ta wayarta. Wata tsohuwa a gado na gaba ta ja tsaki mai tsawo ta juya musu baya.

Irinsu ba su jin kunya, domin ba su taɓa rasa dalili ba. Jiya ganga ce, yau taurin zuciyar Adda ce, gobe za su samo wani. Za su koma gida su ci su sha su yi barci, kuma duk wanda ya tambaya za su ba shi labari mai tsari wanda su ne abin tausayi a cikinsa. Suka fice a fusace, takalmansu na ƙara a baranda.

Can sai ga Zipporah ta dawo ita kaɗai, da sauri. Sabuwa ta ɗago kai. Keturah ma ta ɗago, don duk da komai, zuciya ba ta rasa ɗan sa rai.

Zipporah ba ta dubi kowa ba. Ta sunkuya ta ɗauki kular farfesun, ko buɗe ta ba a yi ba, ta saƙala a hannu ta fita.